Afrilu ko Yuli: wane wata mai son tseren keke zai ware wa kuɗin kallo?

Wata Asabar muna dawowa daga wajen Tilden Fulani, mun tsaya a gefen titin Bauchi muna shan ruwa, sai ƙaramin cikinmu, wani yaro mai koyon gyaran waya da bai fi wata takwas da fara bin mu ba, ya jingine kekensa ya ce da ni: "Yaya, ni fa kuɗin kallo na wata ɗaya tak zan iya haɗawa a shekara, ko na dikoda ko na data. Wane wata zan sa?" Kafin in buɗe baki mutum biyu sun riga sun ce masa Yuli, tunda a cikinsa ake Tour de France, kuma ita ce gasar da ko wanda bai taɓa taka feda ba ya san sunanta. Na ce masa ya dakata, maganar ta fi ƙarfin tsayuwar gefen titi. Na fi shekara goma ina bin tseren ƙwararru, kuma amsata Afrilu ce. Amma ba zan ce a karɓa ido rufe ba, domin akwai mutanen da Yuli ya fi dacewa da su, kuma zan faɗi ko su wane ne.

Bari in fara ba Yuli haƙƙinsa. Wata jaridar wasanni ta Faransa mai suna L'Auto ce ta ƙirƙiro Tour de France a 1903 don ta samu masu saye, Maurice Garin ya ci ta farko. A yau zango 21 ake yi cikin kwana 23, da hutun kwana biyu a tsakani, tafiyar da takan kai wajen kilomita 3,300 zuwa 3,500, wato kamar mutum ya yi Jos zuwa Abuja fiye da sau goma a kan sirdi. Da gangan na ce zango, domin wanda ya taɓa jin labarin fatake zai gane tsarin nan take. Akwai ayari, wato babban taron mahaya. Kowace ƙungiya tana da mutum takwas, cikinsu akwai madugu, sauran kuma yaransa ne: su tare masa iska, su koma baya wajen mota su ɗebo masa gorunan ruwa, in tayarsa ta yi faci ɗaya ya sauka ya miƙa masa nasa keken. Kullum ana rubuta lokacin da kowa ya ɗauka, ana tarawa. Wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ke sa riga mai ruwan ɗorawa, al'adar da aka fara a 1919.

A nan sabon mai kallo yake fara rikicewa. Zai ga mutum ya tsallake layi na farko yana ɗaga hannu, an ba shi furanni, sannan a kira wani da ya zo na arba'in a sa masa rigar ɗorawa. Sai an zaunar da shi an yi masa bayani cewa gasa huɗu ko biyar ce ke tafiya a lokaci guda: ta wanda ya ci zangon yau, ta jimillar lokaci, ta koriyar riga ga mai tara maki a wuraren ƙure gudu, ta farar riga mai ɗigo-ɗigon ja ga gwanin hawan tsauni, da ta farar riga zalla ga matashin da ya fi kowa. In mutum ya gane wannan, Tour takan zame masa kamar dogon labarin da ake ba shi kashi-kashi kowace yamma, ya kwana yana tunanin gobe.

Kuma idan labarin ya yi daɗi, babu kamarsa. A 1989 Greg LeMond ya ci Laurent Fignon da daƙiƙa 8 bayan mako uku ana tafiya. A 2020 Primoz Roglic ya shiga tseren agogo na jajibirin ƙarshe yana gaban Tadej Pogacar da daƙiƙa 57, kowa ya gama ba shi gasar, sai Pogacar ya ƙwace ta a hawan La Planche des Belles Filles. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne zango na 11 a 2022. Pogacar yana sanye da rigar ɗorawa, ya ci gasar shekara biyu a jere, ba wanda ya isa ya kayar da shi gaba da gaba. Sai ƙungiyar Jonas Vingegaard ta yi masa taron dangi tun daga nesa, a hanyar tsaunin Galibier mai tsayin mita 2,642: Roglic, wanda ƙungiyarsu ɗaya da Vingegaard, ya fizga, Pogacar ya bi; da an kamo shi Vingegaard ya fizga, Pogacar ya sake bi. Haka suka yi ta karɓa-karɓa har suka tsotse shi. Da aka zo hawan ƙarshe na Granon ƙafarsa ta mutu, ya yi asarar kusan minti uku, rigar ta bar jikinsa. Ranar na gane abin da ake nufi da sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Irin wannan darasi na haƙuri da shiri, Yuli ne gidansa.

To amma a duba abin da mai wata ɗaya yake saye da kuɗinsa. Cikin zango 21 ɗin nan, da yawa shimfiɗaɗɗiyar hanya ce. Mutum huɗu ko biyar su ɓalle tun da safe, ayari ya bar su su yi nisa, a yi awa huɗu ana nuna gonakin inabi da tsofaffin gidajen sarauta daga jirgi mai saukar ungulu, saura kilomita goma a kamo su, sannan masu ƙure gudu su raba gardama cikin daƙiƙa ashirin. Wanda ya daɗe a harkar yana jin daɗin wannan ma, yana lura da wace ƙungiya ke jan ayari da kuma dalilinta. Sabon shiga kuwa datarsa ce ke ƙonewa yana jiran abin da ba zai zo ba sai ƙarshe. Sannan mafi yawan zangunan a ranakun aiki suke faɗowa. Faransa tana gabanmu da awa ɗaya a wannan lokaci na shekara, don haka ana kammalawa wajen ƙarfe huɗu zuwa huɗu da rabi namu, a gefen la'asar, lokacin da shagon gyaran waya a Taminus ya fi cika. Wane maigida ne zai bar yaronsa ya ajiye wayar mutane ya ƙura wa keke ido ranar Talata?

Akwai kuma abin da masoya Tour ba su cika son a faɗa ba. Wasu shekarun gasar takan mutu tun kafin a gama ta. A 2023 Vingegaard ya ci da ratar fiye da minti bakwai, a 2024 Pogacar ya ci da fiye da minti shida. In rata ta kai haka, makon ƙarshe rakiya ce kawai. Ga kuma tabon da ba ya gogewa: a 2012 aka ƙwace wa Lance Armstrong nasarorinsa bakwai na 1999 zuwa 2005 saboda amfani da haramtattun magungunan ƙara ƙarfi, aka bar gurbin babu sunan kowa. Wannan cuta ta taɓa harkar gaba ɗaya, ba Tour kaɗai ba, amma a can ta fi yin ƙara.

Yanzu ga Afrilu. A watan nan babu tarin lokaci, babu gobe. Tsere ne na yini ɗaya, wanda ya riga kowa tsallake layi shi ne gwani, magana ta ƙare. Cikin irin waɗannan gasa akwai manya biyar da suka fi sauran daraja da tsufa, kuma uku daga cikinsu a tsakanin mako huɗu suke zuwa: Tour of Flanders a Beljiyam, Paris-Roubaix a arewacin Faransa mako ɗaya bayanta, sai Liege-Bastogne-Liege a ƙarshen wata. A tsakani akwai Amstel Gold a Holan da Fleche Wallonne. In muka ɗauki 2025, ranakun sun kasance 6, 13, 20, 23 da 27 ga Afrilu. Huɗu daga ciki Lahadi ne. Abokan hawanmu Kirista sun taso daga coci, mu mun yi azahar, shaguna da yawa a rufe, kowa ya samu sarari.

Flanders an fara ta a 1913. Yankin na Flanders ba shi da tsaunuka, sai ƙananan tuddai masu tsaye kamar bango, da yawansu an daɓe su da duwatsu tun zamanin keken doki. Oude Kwaremont kilomita biyu ne da ɗoriya. Paterberg ko mita 400 bai kai ba, amma a wani wurin tsayuwarsa takan kai kashi 20 cikin ɗari, ma'ana a kowace mita ɗari da ka yi gaba ka tashi sama mita ashirin. Koppenberg kuwa siriri ne, in an yi ruwa duwatsun suka yi santsi, mutum ɗaya ya sa ƙafa a ƙasa, sai ka ga manyan ƙwararrun duniya sun sauka suna tura keke da takalmin da ba a yi shi don tafiya ba. Haka ta faru a 2024. Abin da ke sa gasar zafi shi ne hanyoyin ba su da faɗi. Mutum sama da ɗari da hamsin suna so su shiga lungun da bai fi ɗaukar mutum uku a jere ba, don haka faɗan yana farawa kilomita biyar kafin kowane tudu, a kan wa zai shiga gaba. Wanda ya shiga na sittin, ko ya fi kowa ƙarfi, ya riga ya makara. Daga Paterberg na ƙarshe saura kilomita 13 zuwa garin Oudenaarde, kuma a wannan tazarar ake ganin ko wanda ya ɓalle zai kai, ko za a cim masa.

Paris-Roubaix ce ta sa nake rubuta wannan duka. Tun 1896 ake yin ta. Sunan Paris ne kawai ya rage, a garin Compiegne ake tashi yanzu, a yi wajen kilomita 250 zuwa 260 ba tare da tudun kirki ko ɗaya ba. Abin da ke cikinta shi ne wajen kilomita 55 na tsofaffin hanyoyin gona masu daɓen duwatsu, an rarraba su kusan gida talatin, ana ƙirga su daga sama zuwa ƙasa har a zo na ɗaya. Kowanne ana ba shi taurari gwargwadon muninsa, uku ne masu tauraro biyar: Arenberg, Mons-en-Pevele da Carrefour de l'Arbre. Duwatsun ba jerarru ba ne sumul, kowanne kamar kan jariri, wani ya nutse wani ya tasa, tsakaninsu rami. Mu da muka san hanyoyin burji na bayan Lamingo in damina ta zaizaye su, ba ma buƙatar a yi mana bayanin yadda hannu ke mutuwa a kan irin wannan gargada.

Arenberg miƙaƙƙiyar hanya ce ta kilomita 2.3 da ta ratsa daji, kuma a gefenta akwai tsohuwar mahaƙar kwal. Wanda ya nuna wa masu shirya gasar ita, Jean Stablinski, ya yi aikin haƙar ma'adinai a yankin kafin ya zama zakaran duniya a 1962, aka fara bi ta cikinta a 1968. Duk lokacin da kyamara ta nuna hasumiyar mahaƙar nan sai in tuna da kududdufan kuza na Rayfield da Bukuru, in ga cewa wannan wasa na 'ya'yan leburori ne tun asalinsa, mutanen da keke ya fitar daga rami. Har yau 'yan sa-kai ne ke gyara duwatsun, kuma a 'yan shekarun nan awaki ake kaiwa su cinye ciyawar da ke tsirowa a tsakaninsu kafin ranar tsere. A ƙarshe ana shiga wani tsohon filin tseren keke mai kewaye a garin Roubaix, irin wanda muke da sabonsa a babban filin wasa na Abuja, a yi zagaye ɗaya da rabi. Kofin da ake ba wanda ya ci kuwa dutse ne guda daga cikin daɓen, a ɗora shi a kan katako.

A Roubaix ƙarfi kaɗai ba ya wadatarwa, sai da rabo. A 2016 Mathew Hayman ɗan Ostireliya, mai shekara 37, wanda ya kwashe rayuwarsa yana yi wa wasu hidima a cikin ayari, ya karye a hannu makonni kaɗan kafin gasar, ya yi atisayensa a cikin garejin gidansa a kan keken da aka kafe wuri ɗaya. Karo na goma sha biyar ke nan yana shiga. Ya zo ya kayar da Tom Boonen, mai nasara huɗu a gasar, a kan layi. A 2021 annoba ta sa aka ɗage ta zuwa Oktoba, aka yi ta cikin ruwa da laka, Sonny Colbrelli ya ci fuskarsa ba ta ganuwa don taɓo, ya faɗi a kan ciyawa yana kuka. Mathieu van der Poel ya ci sau uku a jere daga 2023 zuwa 2025, kuma a 2024 ya yi wajen kilomita 60 shi kaɗai, gudun gasar gaba ɗaya ya kusa kai kilomita 48 a awa. A kan wannan hanya! Mu in muka riƙe 35 na minti goma a kan lafiyayyar kwalta, mun san mun yi aiki.

Ta 2025 ce ta nuna mini raunin Afrilu, kuma ba zan ɓoye shi ba. Pogacar ya shiga Roubaix a karon farko, abin da masu cin Tour suka daɗe suna gudu don tsoron karaya. Shi da Van der Poel suka rage a gaba. Muna zaune mu shida a ɗakina, hadari ya haɗo ta gabas kamar yadda yake yi a farkon damina, sai aka ɗauke wuta. Kafin a tayar da janareta, dikoda ta gama lalubo tasha, abin ya riga ya faru: Pogacar ya shiga wata kwana da gudun da ya wuce kima saura wajen kilomita 38, ya faɗi a gefen hanya, Van der Poel ya tafi, shi ya zo na biyu. Minti biyar muka rasa, kuma su ne gasar. A Tour in wuta ta ci amanarka yau, gobe akwai wani zango. A Afrilu sai baɗi. Wanda zai bi shawarata lallai ya cika waya da caji, ya ajiye 'yar data a gefe saboda irin wannan rana.

Liege ita ce kakarsu duka, tun 1892, a tuddan Ardennes, hawa da sauka yini guda, kuma tudun La Redoute ne galibi ake raba hanya. Ta fi kama da zangon tsauni na Tour, masu sauƙin jiki ne ke cin ta, shi ya sa take da kyau ga wanda yake so ya ga taurarin Yuli kafin Yuli. Fleche Wallonne ranar Laraba ce, kuma minti biyar na ƙarshe a kan tudun Huy sun isa. Amstel ba ta cikin manyan biyar, amma a 2025 a nan Mattias Skjelmose ya ba kowa mamaki ya kayar da Pogacar da Remco Evenepoel a kan layi. Abin da mai Afrilu zai rasa cikin biyar ɗin shi ne Milan-San Remo ta watan Maris, mai kusan kilomita 300, da Il Lombardia ta Oktoba. Giro ta Italiya a Mayu da Vuelta ta Sifaniya a ƙarshen Agusta tsarinsu ɗaya da Tour, mako uku-uku, don haka duk abin da na faɗa a kan Yuli ya shafe su.

Ga hujjar da ta fi nauyi a wurina, kuma ta aljihu ce. Tour ana iya bin ta da araha. Masu gasar da kansu suna sa taƙaitaccen bidiyo na 'yan mintuna a YouTube kowace yamma, jadawalin lokaci kuma rubutu ne da ba ya cin data. Ko ka san wanda ya ci zangon jiya, labarin bai lalace ba, domin abin da kake bi shi ne yadda rata ke ƙaruwa ko raguwa. Ka zaɓi zangon tsauni uku ko huɗu da suka faɗo ƙarshen mako ka nemi inda za ka kalla kai tsaye, ka samu kusan duk romon. Kuma samun wurin ba wuya: a Yuli gasar Firimiya tana hutu, gidajen kallon ƙwallo a Unguwar Rogo da Gangare suna zaune babu kowa da yamma, in kun haɗu ku biyar kuka roƙi mai gidan kallo ya kamo muku tashar da ke nuna keke, ba zai ƙi ba, sai dai shekarar da ake gasar cin kofin duniya ko ta Turai. Gwada wannan roƙon ranar Lahadi da la'asar a watan Afrilu, lokacin da kakar ƙwallo ta zo gangara, ka ga ko akwai wanda zai saurare ka. Gasar yini ɗaya kuwa, da zarar wani ya turo maka sunan wanda ya ci a WhatsApp, ta zama tuwon jiya. Daɗinta yana cikin rashin sanin abin da kwana ta gaba za ta haifar. Saboda haka kuɗi ya tafi inda kallon kai tsaye ya zama dole kuma babu mai ba ka shi kyauta.

Sai kuma abin da mutum zai ɗauka ya sa a kan nasa keken, tunda mu ba 'yan kallo zalla ba ne. Yuli yana koya maka dogon hawa. Ka ga yadda suke zama a sirdi su sa giya mai sauƙi ƙafa na juyawa da sauri, ba sa kashe kansu a gindin dutse, suna ta ciro abinci daga aljihun bayan riga tun kafin yunwa ta zo. Wanda ya taɓa gangarawa Hawan Kibo da niyyar ya hauro da ƙafarsa ya san darajar wannan ilimi. Amma sau nawa muke zuwa can a shekara? Hawanmu na kullum gajerun tuddai ne masu tsaye, kwalta mai faci-faci, ramuka, yashi a kwana, da iskar hunturu da ke bugun mutum ta gefe a filin Haifan. Wannan kuwa karatun Afrilu ne. A Roubaix na koyi cewa a kan gargada ba a damƙe kan keke da ƙarfi, sassauta hannu ake yi a bar shi ya yi rawarsa, a sa giya mai ɗan nauyi, a matsa baya a sirdi, kuma rage gudu ya fi ƙara wahala. A can na ga ƙwararru sun koma faffaɗar taya, wajen milimita 32, suna rage mata iska. Na je wurin dattijon da ke gyara mana kekuna na ce, "Baba, a canja mini zuwa mai faɗi, kuma kada a cika ta tam." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ai mu masu keken dako mun daɗe da sanin wannan." Tun daga lokacin facina ya ragu, kafaɗata ta daina ciwo bayan doguwar tafiya. A Flanders kuma na koyi jeruwa a karkace idan iska ta zo ta gefe, kowa ya fake a kafaɗar na gabansa ana karɓa-karɓa, abin da muke yi yanzu duk Disamba.

Wanda yake kallo don ya ga ɗan Afirka, watannin biyu duk suna da abin ba shi, ko da yake Yuli ya ɗan fi. Daryl Impey na Afirka ta Kudu ya sa rigar ɗorawa a 2013, Daniel Teklehaimanot na Eritiriya ya sa mai ɗigo-ɗigon ja a 2015, sannan a 2024 Biniam Girmay, shi ma ɗan Eritiriya, ya ci zango uku ya tafi gida da koriyar riga. Ranar da ya ci na farkon, wayata ba ta huta ba har dare. Amma shi Girmay ɗin a Beljiyam ya fara buɗe ƙofa, da ya ci Gent-Wevelgem a ƙarshen Maris na 2022 yana ɗan shekara 21. A ɓangaren mata kuma Kim Le Court ta tsibirin Morishiyos ta ci Liege a Afrilun 2025, sannan ta sa rigar ɗorawa a Tour ta mata a shekarar. Wannan ma ƙari ne ga mai Afrilu: Flanders da Amstel da Liege duk suna da gasar mata a rana ɗaya da ta maza, kuɗi ɗaya kallo biyu.

To wa ya kamata ya zaɓi Yuli? Wanda yammacinsa nasa ne: ɗalibin da ke hutu, mai aikin da ke tashi da wuri, ko wanda shagonsa yake da talabijin yana aiki yana ɗaga kai. Haka wanda wutar unguwarsu ba ta da tabbas kuma ba shi da madogara, domin mako uku suna yafe rashin rana ɗaya ko biyu. Haka wanda ransa yake kan tsaunuka, yake so ya ga lanƙwasa 21 na hanyar tsaunin Alpe d'Huez da taron mutanen da ke buɗewa a gaban mahayi kamar ruwa. Ruwan Yuli a Jos ma yakan zaunar da mu a gida da yamma ko muna so ko ba ma so, sai dai shi ne kuma yake ɗauke hoton dish daidai lokacin da ake buƙatarsa. Duk wanda ya ga kansa a cikin waɗannan, ya sa Yuli hankalinsa kwance, ba zai yi nadama ba.

Yaron nan namu ba ya cikinsu. Litinin zuwa Asabar yana shago har magariba, Lahadi kaɗai ce tasa, kekensa tsohon ƙarfe ne na gwanjo, kuma hanyar gidansu burji ce. Na ce masa Afrilu, na kuma ja masa kunne a kan abu biyu. Na farko, ya duba ranar Flanders kafin ya biya, domin wata shekarar takan faɗo ƙarshen Maris, kamar 2024 da aka yi ta ranar 31, kuma so ake kwana talatin ɗinsa su kama daga ita har Liege. Na biyu, ya tabbatar tsarin da zai biya yana ɗauke da tashar da za ta nuna gasar a wannan shekarar, don haƙƙin nunawa yakan sauya hannu. In data ce, kada ya ƙona ta tun daga tashi: Flanders da Liege awa biyu na ƙarshe sun wadatar, Roubaix kuwa ya kunna tun saura kilomita 110, kafin a shiga dajin Arenberg. Ya ce, "Yaya, ranar Roubaix ɗin a ɗakinka zan kalla, ni zan zo da man janareta." Na ce ya zo da wuri, mu fara yin Lamingo mu dawo kafin azahar.